Wanda Ya Haye Teku

Madam Thorley, Baturiyar Ingilan da Mutala yake wa tuƙi a Doha, ba ta da aiki ran Asabar sai tonon kakanni. Mutane na hutawa, ita tana bin sawun matattu. Ana turo mata hotunan tsofaffin littattafan coci, tana kwafe sunaye a wata doguwar takarda da ta cinye teburin falonta a unguwar Al Aziziya.

Wata Asabar Mutala ya shigo da cefane daga kasuwar Abu Hamour, ta tsare shi wai sai ya gani. Ga maƙeri, ga wanda ya haifi tara, ga wadda annoba ta ɗauke tun shekara ɗari huɗu da suka wuce. Kowa da ranar haihuwarsa da inda aka binne shi. Suna ɗaya ne kawai ba komai a ƙarƙashinsa.

"Wannan fa, Madam?"

"Josiah ke nan. An rubuta ya haye teku a 1638, khalas, shi ke nan. Shekara shida ina nemansa."

"Ko wasiƙa bai aiko ba?"

"Wataƙila ya aiko. Ba wanda ya adana."

Mutala ya koma mota. Shekara tara rabonsa da Gumel, kullum bana sai baɗi. Kewar gida ta taso masa, da tsoron kada shi ma iyakarsa ke nan a bakin danginsa.

Ya kira Gwaggo Shetu, yayar mahaifinsa, wadda duk tarihin gidansu ke kanta. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Gwaggo, lissafo mini mutanen gidanmu, tun daga farko."

Abin nema ya samu. Ta faro daga kakan kakansu mai rini, ta gangaro: wane ya auri wance, gonarsa na bayan rafi, wane mai zafin rai ne, kabarinsa na gindin kuka. Ta iso kan yayyensa da ƙannensa, har ta faɗi wanda ya fi cin tuwo.

"Sai kai, Mutala, ka tafi ƙasar Larabawa. Sai Haulatu..."

"Tsaya, Gwaggo. Ni shi ke nan?"

Yana jin kukan awaki ta bayanta.

"To me zan ƙara, ɗan nan? Iya abin da na sani ke nan."