Madambacin Lalla Zuhur

Kai ma ka gan su. Ka bi ta unguwannin Tanja, ka ɗaga kai ka ga madambatan kuskus, abincin nan mai kama da dambu, a ɗaure jikin eriyar talabijin, bene bayan bene, ka yi murmushi ka wuce. Ba ka tambayi na wace ce ba.

Ɗaya daga ciki na Lalla Zuhur ne, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Mijinta, Si Bushta, ya ɗauke shi ranar wata Laraba ya ɗaure a jikin eriya, saboda maƙwabcinsa Si Larbi ya rantse masa cewa ta ramukan gindin madambaci hoton tashar Sifaniya da ke tsallaken teku ke tacewa, kamar yadda tururi ke ratsa kuskus. Si Larbi wanzami ne. Duk layin ba wanda ya yi masa musu.

Juma'a uku ke nan ba a ci kuskus a gidan ba, alhali shi ne abincin kowace Juma'a. Hoton kuwa yana nan yadda yake, dishi-dishi, kamar 'yan ƙwallo na gudu cikin yayyafi.

"Si Bushta, yayana zai zo daga ƙauye ranar Juma'a," in ji ta. "Me zan ba shi, eriya?"

"Ki yi haƙuri, Lalla. Bai gama sabawa da iskar ba ne."

"Shekara talatin yana hannuna, bai taɓa neman lokacin sabo ba."

Da safiyar Juma'a ta hau saman bene da kwandon shanya da soson ƙarfe, don ta san tsuntsaye ba su raga wa kayanta ba. Ta kwance madambacin, ta ga ya lotsa a gefe. Sai idonta ya kai kan wayar da ke sauka zuwa falo. Inda aka ɗaura ta jikin sandunan eriya duk tsatsa ce, iskar teku ta cinye, sili biyu kawai suka rage. Lalla Zuhur ba ta iya ganin tsatsa ta ƙyale. Ta goge wurin tas, ta murɗe wayar da kyau. Eriyar ma nauyin madambaci ya sunkuyar da ita tana kallon kasuwar kifi, ta miƙar da ita ta fuskanci teku, don kada ta taɓa mata zannuwa.

Tana saukowa da madambacin a cikin kwando ta ji ihu daga falo.

"Lalla! Zo ki gani! Har gashin bakin alƙalin wasa ake ƙirgawa!"

Si Bushta ya leƙa taga ya kira wanzami. Si Larbi ya shigo da almakashi a aljihu, ya dubi hoton, ya gyaɗa kai.

"Ai na gaya maka. Sati uku yake ɗauka."

Da azahar aka ajiye akushin kuskus, kabewa da naman rago a sama. Maza uku suka sa hannu. Si Bushta ya shiga yi wa surukinsa bayanin ramukan madambaci, baki cike, yana nuna rufi da yatsa. Ba wanda ya tambayi a me aka turara abincin. Ita ma ba ta ce ba.

Washegari gidaje huɗu a layin suka rasa madambatansu.

Kai da ka yi makaranta, ka san sandunan ne ke kama saƙo idan sun fuskanci tasha, waya kuma ta kai shi ƙasa. Ka sani, ka yi shiru. Hau benenku yau, ka goge wayar, ka sauko wa mahaifiyarka da kayanta.