Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ɗan farina ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Shekara goma sha tara ban taɓa kiran sunansa na yanka ba. Ɗan'azumi nake ce masa.

Muna huɗa da hantsi sa ya tunkuye shi a ciki. Ko ɗigon jini bai fito ba. Malam Yahuza na ɗakin shan maganinmu a Kwandiko ya latsa cikin, fuskarsa ta canza.

"Baba, jinin a ciki yake zuba. Asibitin Birnin Kudu, yanzu."

Ya rubuta takarda, ya buga waya ya ce su shirya. Ni ban iya karatu ba, na cusa ta cikin hula.

A asibiti mai yankan kati ya ce, "Sunansa?"

"Ɗan'azumi."

"Me ke damunsa?"

"Ciwon ciki."

Ya nuna mana benci. Muka bi layi, yaron ya jingina da kafaɗata yana cewa ƙishirwa.

Ashe tun kafin mu iso likita ya wanke hannu, mai ɗakin jini ya fito da leda biyu, mai allurar barci na tsaye. Dukansu sunan da ke takarda suke jira. Awa guda.

Wata nas, Sista Sadiqa, ita ta gaji ta fito tana bin benci.

"Waye daga Kwandiko? Wanda sa ya tunkuya!"

Na miƙe. Ta karɓi takardar, ta dubi katin, ta dube ni.

"Haba Baba! Tun ɗazu kana nan?"

Ban taɓa ganin aiki irin nasu ba. Wannan na tura gado, wancan na rataya jini, ba mai jiran a ce masa yi. Da jinin ya ƙare, mai yankan katin nan da kansa ya naɗe hannun riga aka ɗiba.

Bayan la'asar likitan ya fito ya zauna kusa da ni a ƙasa.

"Da mun shiga da wuri fa?" na ce.

"Allah ne masani, Baba."

Bai ce a'a ba.

Sista Sadiqa ta zo da takardar da za a ba mu gawarsa mu tafi gida. Idonta ja.

"Wane suna zan rubuta?"

Na daɗe ina kallon hular a hannuna.

"Sulaimanu," na ce. "Sulaimanu sunansa."