Rabin Hoto

Tsohon direban ya zaro ambulan daga aljihu, ya ajiye a teburin mai gyaran hoto a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"An ce kana haɗa hoton da ya yage."

"Sosai, Baba. Ko ɓera ne ya ci, sai na ƙwato daga bakinsa."

Tsohon bai yi dariya ba. Mai gyaran ya buɗe ambulan. Rabin hoto ne: direban tsaye jikin motar haya yana murmushi, gefen dama a yage daga sama har ƙasa.

"Ina ɗaya ɓarin?"

Shekara shida ke nan da tsohon ya yaga shi da hannunsa, ranar da ɗansa ya ce shi kam ba zai gaji tuƙi ba. Suka yi cacar baki, ɗan ya kwashe kayansa ya bar gida. Tsohon kuwa akwai zuciya kamar ta kuturu. Ya raba hoton biyu, ya ƙyasta wa ɓarin ɗan ashana. Ɗan ya yi ta kira a waya, shi ya ƙi ɗauka, wai sai ya zo da ƙafarsa. Makon jiya aka kira daga asibiti. Wannan kiran ya ɗauka, amma rai ya riga ya yi halinsa.

"Na ƙona," in ji shi. "Ɗana ne a ciki. Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Babu wani hotonsa a waya? Sai in ɗauko in liƙa a nan, ba mai ganewa."

"Ni zan gane. Wannan kaɗai muka taɓa ɗauka tare."

Mai gyaran ya sa hoton a na'ura, ya fito a kwamfuta. Ya faɗaɗa shi yana bin bakin yagewar, sai ya tsaya.

"Baba, matso ka gani."

A cikin hoton, a kafaɗar tsohon ta hagu akwai yatsu huɗu, sun zagayo ta bayan wuyansa sun riƙe shi gam. Shekara shida yana kallon hoton nan, bai taɓa lura ba.

"Cire ni," ya ce da ƙyar. "Ka bar hannun, ka ƙara masa girma."

"Ba za ka ciru duka ba, Baba. A kafaɗarka yake."

Tsohon ya goge ido da bayan hannu.

"To, bar kafaɗar."