Wayar da Yaya Ta Tsinka

Auta ya shigo ofis yana fito, sai ya tarar kwalbarsa ta ɗauki zafi kamar murhu.

Ba kwalbar gaske ba ce. Kamfaninsu yana ƙera kwalbar da ake sa jarirai bakwaini a asibiti, amma sabon samfurin bai zo duniya ba tukuna. Allon lantarkin da zai sarrafa shi yana nan a zane wurin Kawu, mai kamfanin, wanda kuma shi ya zana abinsa. Da a da ne, Auta mai rubuta manhaja sai ya naɗe hannu har masana'anta ta bugo allon kafin ya gwada ko layi guda. Yayarsa ce ta ce ba ta san wannan zance ba. Ta tasa zanen Kawu a gaba, ta gina allon kaf a cikin kwamfuta, da ƙwaƙwalwarsa da hita da ma'aunin zafi. Manhajar Auta ta hau kai tana ta aiki, ba ta ma san cewa allon kwaikwayo take takawa ba.

Yau ne kuma Kawu zai tura zanen masana'anta. Da zarar ya tura, bakin alƙalami ya bushe.

"Yaya! Me kika yi wa kwalbata?"

Tana can kusa da taga, ta ɗora ƙafa a kan kwalin wayoyi tana juya shayi. "Ina kwana dai, marar kunya. Waya na tsinka."

"Wace waya kuma?"

"Ta ma'aunin zafi."

Al'adarta ke nan. Kullum da safe kafin ta kurɓi shayi sai ta lalata wani abu a allon nata: yau ta rage wuta, gobe ta maƙale maɓalli, don ta ga yadda manhaja za ta yi. Tun suna yara ba a barin rediyo kusa da ita.

Auta ya ja kujera ya duba. Da wayar ta tsinke, allon ya karanta sifili. Manhajarsa ta ɗauka sanyi ne ya kama jariri, ta buɗe hita har ƙarshe.

"Wannan ai mai sauƙi ne," ya ce, yana share goshi. Ya rubuta sabon umarni: in an ga sifili, a kashe hita, a buga ƙararrawa. Ya gwada. Kwamfuta ta yi ƙara, zafi ya sauka. "Kin gani? Ƙaninki ba kanwar lasa ba ne."

"Sannu, gwani. To ga wannan."

Ta danna wani wuri. Wannan karon ba ta tsinka wayar duka ba, ta bar ta tana reto, kamar wadda tsintsiyar mai shara ta taɓa. Lamba ta fito, ba sifili ba, lambar ɗaki mai ɗan sanyi. Ƙararrawa ta yi gum. Hita ta kama, jan layin zafi ya fara hawa.

Auta ya gwada dabara, ya sake wata, duk a banza. Ma'auni ɗaya ne a allon. In ya yi ƙarya, babu wanda zai ƙaryata shi.

Ƙofa ta buɗe, Kawu ya leƙo da tabarau a goshi da waya a hannu. "Ku ce mini an gama. Mutanen masana'anta sun riƙe mana layin bugu, in muka saki sai wata mai zuwa."

"Kawu, akwai magana," in ji Auta.

"Allon aljanun nan ne kuma? 'Yar nan, ke kika gina shi, ke kika fasa shi, sannan ki ce zanena ne da laifi?"

Yaya ta sauke ƙafa, ta miƙe ta ba shi kujerarta. "Allah ya ƙara maka lafiya, ban sa komai nawa a ciki ba. Abin da ka zana shi na gina. Ga zanen, ga nawa. In ka sami inda na kauce ko da tsawon ƙwayar shinkafa, ka tura yanzu, ni zan danna maka."

Kawu ya sauke tabarau. Ya bi layi ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, yana ƙunƙuni. Auta ya tsaya a bayansa yana kallon yayarsa. Ko gezau. Ya san wahalar da ta sha a kan abin nan, ya ga sanda ta kwashe yini guda tana gyara jinkirin da ido ba ya gani, shi kuwa yana mata dariya.

Wayar Kawu ta yi ƙara. Masana'anta ce. Ya bar ta ta yi ta ruri yana kallon jan layin nan, sannan ya ɗauka.

"Ku ba wani layin," ya ce. "E, na sani. Na ce na sani." Ya kife wayar a tebur, ya yi tsaki. "Ma'auni na biyu. Sai na tayar da rabin allon kafin in sama masa wuri. Kai kuma, Auta, sai ka yi zaman jira."

"Jiran me?" Yaya ta riga ta jawo madannai gabanta. "Faɗa mini inda kake son sa shi, Kawu."

Ya nuna wata kusurwa da biro, ba don ya yarda ba. Yatsunta suka shiga gudu a kan madannai. Kafin shayinta ya huce, ma'auni na biyu ya bayyana a allon kwaikwayon, yana ba da lambarsa daidai, yana musu da na farkon.

Kawu ya girgiza kai. "Uwarku ta haifi masifa," ya ce, amma bakinsa ya kasa ɓoye murmushi.

"Auta, matso," in ji Yaya. "Koya wa manhajar taka abin da za ta yi in suka saɓa. Ka yi sauri, ina so in tsinka na biyun."