Ciwon Kan Baiwa

Hafsatu da Baiwa sun fi shekara ashirin suna aiki tare a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Matameye, kan hanyar Dawce. Dukansu malaman jinya ne, kuma ɗakin yara masu tamowa shi ne nasu. Baiwa ce babba. Ita ta koya wa Hafsatu yadda ake neman jijiya a kan jaririn da gudawa ta busar, da yadda ake lallashin uwar da ta ɗaure kayanta za ta gudu da ɗa tun bai warke ba. Amma Hafsatu aka ba shugabancin ɗakin, ita ake kira Manjo, saboda ita ce mai son karatu. Ta yi lisans, wato digirin farko, tana goyo, ta je Yamai ta yi masta, ta dawo ta ci gaba da raba madara da ɗaura ƙarin ruwa kamar ba ta je ko'ina ba.

Tana dab da shekara hamsin wata jami'a a Wagadugu ta karɓe ta karatun doktora a fannin jinya. Mijinta Idrisa, wanda ke zuwa Kano cin rani yana sayar da yadi, ya daɗe yana juya maganar.

"In kin gama, tiyata za ki riƙa yi ke nan?" ya tambaye ta.

"A'a, Malam. Ina nan a malamar jinyata. Bincike zan yi in rubuta."

"To mene ne bambancin?"

"In na yi magana a Yamai, za a saurara."

Bai gamsu ba, amma bai hana ta ba. Yaransu sun girma, ƙanwarsa kuma ta ce za ta kula da gidan.

Wadda Hafsatu ta fi jin nauyin gaya wa ita ce Baiwa, don ta san a kan wa aikin zai faɗa. Ta same ta tana wanke kofunan madara a bakin famfo, ta yi ta kewaye-kewaye. Baiwa ta yarfe hannu ta dube ta.

"Na riga na ji, Hafsi. Ki tafi. Ɗayarmu dai ta je ta faɗa musu abin da muke gani a nan."

"An ce za a turo wata a madadina, Yaya."

"An ce," in ji Baiwa, ta ci gaba da wankinta.

Ba a turo kowa ba. Shekarar farko Baiwa ta riƙe ɗakin da 'yan koyo masu zuwa su tafi. In Hafsatu ta kira ta a waya, sai ta ce lafiya lau, ta ba ta labarin wanda ya yi aure da wadda ta haihu.

Abin da Hafsatu ta zaɓa ta bincika shi ne dalilin da ya sa tsofaffin malaman jinya ke barin asibitocin karkara, ko su kwanta ciwo tun lokacin ajiye aikinsu bai yi ba. A damina ta biyu ta dawo gida don ta yi hira da su. Ta hau bayan babur ta zaga Ɗan Barto da Dawce da ƙauyukan da ke tsakani, tana ɗaukar muryoyinsu a waya. Lokacin hatsi ya ƙare a rumbuna, sabo bai nuna ba, ga zazzaɓin sauro, ko'ina ta je yara ne kwance har ƙasa.

Ta zo kan Baiwa wata ranar Laraba bayan azahar. Suka shiga ɗakin ajiye magani don a nan ne kawai babu kuka. Baiwa ta rame, fuskarta kuma ta ɗan kumbura. Ta zauna kan kwali ta miƙe ƙafafu.

"Yau ni ce abin binciken?" ta ce tana murmushi.

"Ba zan sa sunanki ba, Yaya. Ki faɗi yadda jikinki yake ji in aiki ya yi yawa."

Baiwa ta faɗa. Ta ce tun farkon damina take tashi da ciwon kai a ƙeya, kamar an ɗora mata tulu. Ta ce wani lokacin in ta sunkuya kan yaro sai ta ga duhu-duhu, ta dafa gado har ya wuce. Ta ce shekaranjiya hannunta na dama ya yi nauyi, allura ta kuɓuce mata, amma kafin la'asar ya sake.

"Gajiya ce," in ji ta. "In na kwana biyu ban yi gardi, aikin dare, ba zai wuce. Sai dai wa zai yi?"

Hafsatu na saurare tana kallon wayar, ko tana ɗauka da kyau. A ranta tana cewa wannan maganar ita ce babi na huɗu yake nema, babu wanda ya faɗe ta fes haka. Abin awon tansiyo, wato hawan jini, na nan kan tebur kusa da gwiwar hannunta.

"Ki dai auna tansiyonki, Yaya," ta ce.

"Zan auna."

Sai aka buga ƙofa, wai an kawo yaro yana fizge-fizge. Baiwa ta tashi da ƙyar ta fita. Mai babur ɗin da zai kai Hafsatu Yauri, wani ƙauye a yankin, yana jira a waje, hadari kuma ya haɗo daga gabas. Ta leƙa ɗakin yara ta ɗaga hannu, Baiwa ta gyaɗa mata kai ba tare da ta ɗago ba.

Da ta koma Wagadugu, Hafsatu ta saurari hirar nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta rubuta ta kalma bayan kalma, ta mayar da ita Faransanci, ta sa ta a ƙarƙashin kan magana mai suna alamun gajiya a jiki. Malaminta ya yaba wurin. Ya ce irin wannan muryar ce ke sa mai karatu ya tsaya.

Rubutun ya ci wata da watanni. Idanunta suka raunana har ta canja tabarau. 'Yan ajinsu duk sa'o'in 'ya'yanta ne, suna kiranta Mama, suna gyara mata kwamfuta in ta rikice. Sau da yawa takan ce za ta kira Baiwa in ta gama wannan shafin, sai shafin ya haifi wani.

An riga an sa ranar da za ta kare aikinta gaban malamai lokacin da Najaha, 'yar Baiwa, ta kira ta.

"Inna Hafsatu, Innarmu ta faɗi a wurin aiki. Tana rataye ƙarin ruwa ta sulale. Muna asibitin Damagaram."

"Tana magana?"

"Ba ta magana. Ɓarin dama duk ya mutu. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe a jikinta."

Hafsatu ta zauna bakin gado riƙe da wayar. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Ciwon ƙeya, duhun ido, hannun da ya yi nauyi ya sake: ko 'yar koyo aka gaya wa haka ta san abin da ke tafe. Ita kuwa ta ji, ta rubuta, har ta gyara waƙafi.

Ta fara haɗa kaya. Idrisa ya kira daga Kano ya ce ta dakata.

"In kin taho yanzu me za ki yi mata wanda likitoci ba su yi ba? Hanyar ma ba lafiya gare ta ba. Ki gama abin da ya kai ki, ki dawo gaba ɗaya."

Ta san gaskiya ya faɗa, kuma ta ji haushin kanta da ta ji sauƙi da ya faɗa. Ta mayar da kayan.

Ranar kare aikin, cikin malaman da suka zauna akwai wata dattijuwar farfesa wadda ita ma ta yi jinya a ƙauye kafin ta shiga jami'a. Da aka zo kanta, ta buɗe babi na huɗu ta karanta maganar Baiwa a fili, a hankali, har zuwa "sai dai wa zai yi?"

"Wannan matar, ina take yanzu?" ta tambaya.

"Tana kwance," in ji Hafsatu. "Ɓarin jikinta ya shanye."

"Ke kika yi hirar da kanki?"

"Ni ce."

Farfesar ta cire tabarau ta dube ta. Sannan ta juya shafi ta yi tambaya kan yadda aka zaɓi ƙauyukan. Da aka gama, aka ba Hafsatu digirinta da yabo mai yawa. Aka yi hotuna, ta tsaya inda aka ce ta tsaya.

A Matameye mata suka tarye ta da guɗa a ƙofar gida. Kowa Dokta yake kiranta. Kafin ta huta har an kawo mata wani tsoho mai gwaiwa wai ta duba ko za ta yi masa aiki, ta yi ta bayani cewa ita ba likita ba ce, suka tafi suna ganin rowa ce. Washegari da hantsi ta tafi gidan Baiwa.

Najaha ce ta yi mata iso. Ta gaishe ta da ladabi, amma ba ta ce mata barka ba. Baiwa na kan tabarma a inuwar ɗaki, an jingina ta da matashi. Bakinta ya karkace, hannun dama na kan cinyarta a naɗe. Da ta ga Hafsatu idanunta suka yi haske.

"To," ta ce. "To, to."

"Ita ke nan kalmar da ta rage mata," in ji Najaha. "Da ita take cewa e, da ita take cewa a'a."

Hafsatu ta zo da littafin binciken a jaka, mai baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Ta yi niyyar nuna mata, amma ta bar shi a ciki. Ta zauna ta kama hannun da ya mutu, ta fara buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya tana murzawa. Sun sandare. Ba a yi musu motsa jiki yadda ya kamata ba.

"Yaya," ta ce, "ranar nan da muka zauna a ɗakin magani..."

"To," in ji Baiwa.

Hafsatu ta jira. Ba ta gane ko tuna ranar ta yi ba, ko cewa take a bar maganar, ko kuwa hannun ne ke mata zafi. Baiwa ta ɗauke kai tana kallon kaji a tsakar gida. Hafsatu ta ci gaba da murza yatsun har aka kira azahar.

Ta je wurin babban likitan yankin ta ce tana so ta koma ɗakin yara. Ya karɓe ta da girmamawa, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi.

"Madam, ba mu da gurbin mai doktora a nan. An riga an tura ki Damagaram ki koyar a makarantar malaman jinya. Ai ci gaba ne."

"Ɗakin fa?"

"Akwai sababbin malaman jinya biyu. Suna ƙoƙari."

Ta aika shawarwarin bincikenta Yamai, a ƙara ma'aikata lokacin damina, a riƙa duba lafiyar masu duba lafiya. Aka amsa cewa an gode, za a nazarta.

Ta kama ɗaki a Damagaram. Ranar Asabar takan shiga motar Matameye ta je ta motsa wa Baiwa hannu da ƙafa, ta auna jininta, ta lissafa wa Najaha magunguna. Hannun bai dawo ba. Da Najaha ta koma ɗakin mijinta, sai Salisu ƙanen Baiwa ya ɗauke ta zuwa gidansa a Yauri. Tafiyar ta ƙara tsawo, ga jarrabawa, ga taro. Zuwan Hafsatu ya koma wata-wata, daga baya ma ya fi haka.

Baiwa ta rasu a daminar da ta biyo baya. Hafsatu na tsaron jarrabawa, wayarta a kashe. Kafin ta isa Yauri an dawo daga maƙabarta. Ta zauna cikin mata ta yi gaisuwa, wata tsohuwa ta matsa mata ta ba ta wuri mai kyau tana cewa a bar Dokta ta zauna. Najaha ta kawo mata ruwa ta koma ciki.

Ranar Litinin ta shiga aji. Bayan darasi wata ɗalibar shekarar ƙarshe mai suna Sadiyya, wadda ta fi kowa ƙwazo, ta biyo ta har baranda.

"Madam, na karanta littafinki a ɗakin karatu. Duka na karanta."

"Madalla. Me kika gani?"

"Da ina so in nemi a tura ni garinmu, wajen Ɗan Barto. Yanzu na fasa. Zan nemi aiki a Yamai, in ban samu ba in ci gaba da karatu kamar ke."

Hafsatu ta buɗe baki za ta ce ba don haka ta rubuta shi ba. Ta dubi yarinyar, kyakkyawa, lafiyayya, farar rigarta a goge.

"Allah ya zaɓa miki mafi alheri," ta ce.

Sadiyya ta ce amin ta koma wurin ƙawayenta. Hafsatu ta wuce ofis, inda takardun jarrabawa ke jiranta a ɗaure, ta ja kujera ta kwance igiyar.