Ranar da Makiyaya Suka Bar Garke

A garin Kettle Creek, in lokacin haihuwar shanu ya kama, ko bikin 'yarsa ake yi makiyayi ba ya barin garke. Shi ya sa Lorna Haugen ba ta ma gayyaci kowa ba, ta tuƙo motarta ita kaɗai zuwa majalisar jiha.

Mataimakiyar likita ce, ita ke riƙe da ɗan asibitin garin. Ɗinki, ɗori, awon ciki, duk ita. Amma doka ta ce sai da likita a kanta, ga shi Dokta Ostby da ke sa mata ido daga nesa ya tsufa, zai ajiye aiki, kuma ba likitan da ke marmarin wannan ƙauye. In ƙudirin da zai ba irinta damar aiki da kansu ya faɗi, sai dai a sa wa asibitin kwaɗo.

A gaban kwamitin majalisar da ke duba ƙudirin, wakilin ƙungiyar likitoci ne ya fara magana, kuma bai yi ƙarya ba: karatunsu ya fi nata tsawo, rai kuwa ba abin wasa ba ne. Sai aka kira Lorna. Ta miƙe ke nan sai warin kashin shanu ya cika ɗakin. Ta waiwaya. Ga makiyayan garinsu nan suna shigowa, takalma duk taɓo, huluna a hannu, kusan rabin garin.

Ta cafko hannun tsoho Verne, mutumin da ko gaisuwa sai an yi da gaske yake amsawa.

"Verne! Wa ka bar wa shanun?"

"Allah da surukata. Ke dai yi abin da ya kawo ki, yarinya."

"In ka yi asarar maraƙi fa?"

"Ke da ba ki san gaban saniya da bayanta ba, ina ruwanki?"

Daɗi ya kama ta har idonta ya ciko. Ta fuskanci kwamitin ta ce ita ba likita ba ce, ta san iyakarta, abin da ya fi ƙarfinta tana turawa birni. A bar ta kawai ta buɗe ƙofa da safe.

Shugabar kwamitin, wadda ita ma 'yar makiyaya ce, ta dubi mutanen da mamaki. "A wannan watan kuka baro gida?"

Verne ya murza hularsa. "Ranki ya daɗe, saniya in ta mutu akwai kasuwa. Wannan fa, in ta tafi, ina ake sayar da irinta?"