Ƙararrawar da Ba Ta Yi Kuka Ba

Kun ji labarin, kada ku ce ba ku ji ba. An ce wata nas ta kashe ƙararrawa a ɗakin jarirai, jariri ya rasu, aka dakatar da ita. Kuka ce Allah ya kyauta, kuka ci gaba da harkokinku. Babu wanda ya tuhumi kwamfutar ɗakin sai ƙanwar nas ɗin, wadda duk gida ke kira Auta.

Sana'ar Auta ke nan, binciken kwamfutocin da suka faɗi, wato suka tsaya cak ana cikin aiki. Kwamfuta in za ta faɗi takan juye duk abin da ke ƙwaƙwalwarta cikin fayil guda, kuma ta ɗakin jariran ta yi haka a ranar. Da ƙyar asibitin ya yarda Auta ta gani. Ta zauna a ofishin injiniyan asibitin, tsakanin kwalayen wayoyi da wata matacciyar firinta, ta fara bin sawu.

A cikin kanel, wato zuciyar tsarin, kowane mataki ya fito da sunansa. Amma da sawun ya shiga ɗan shirin da aka liƙa wa kanel don kaɗa ƙararrawa, sai sunaye suka ƙare, lambobi zalla. Can cikinsu amsar take: an danna maɓallin shiru kafin faɗuwar, ko faɗuwar ce ta shaƙe ƙararrawar.

"Oga, ina fayil ɗin sunaye na wannan shirin?"

Injiniyan mutum ne mai fara'a, shi ya rubuta shirin. "Ke da yayarki kamar an tsaga kara," in ji shi. "Sunaye nakan cire su daga na kan na'ura, nauyi ne kawai. Ga folda ta gini nan, ɗiba."

Folda ɗaya ce tal, kowane sabon gini, wato sabon kwafin shirin da ya haɗa, yana hawa kan na baya. Auta ta ɗora sunayen da ta samu, manhajar bincike ta ƙi karɓa, wai lambar shaidarsu ba ta ginin da ya faɗi ba ce.

"Washegarin faɗuwar na ɗan yi gyare-gyare na sake ginawa," in ji shi. "Duk kanwar ja ce. Tilasta mata mana."

Ta tilasta. Allo ya nuna an danna maɓallin shiru. Sai ta duba layin ƙasa, ta ga zafin jikin jaririn ya kai na tafasasshen ruwa. Sunayen sun goce, kamar an ciro lambobin gidajen wata unguwa an manna a wata. Duk abin da suka nuna ƙarya ne, har wanda ya firgita ta.

"Rubutun shirin na kafin gyara fa?"

"A kansa na rubuta sabon." Murmushin ya bar fuskarsa. "Wallahi ba ɓoye wani abu na yi ba, 'yar'uwa. Haka muke yi tun fil azal."

Ta yarda da shi, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da mugu ne, da ta san wanda za ta shaƙe. Suka zazzage durowarsa, suka tada tsohuwar kwamfutarsa, babu. Ta gwada bin lambobin da ka, wurare da dama suka yi kama da wanda take nema, wani ya ce an danna, wani ya ce ba a danna ba.

A gida ta tarar da Yaya zaune a ƙasa tana goge farar rigar aikin da babu inda za ta je da ita.

"Ba maganar aiki nake miki ba, Auta, aiki ya riga ya tafi. Na danna? Ranar kuka ta ko'ina, hannuna nan da can. Tun ina rantsuwa, yanzu ni ma ban sani ba."

A'a kawai Auta za ta ce. Amma Yaya ce ta goya ta, tana gane ƙaryarta tun kafin ta buɗe baki.

"Amsar tana cikin fayil ɗin, Yaya. Ina kallonta, na kasa karantawa."

"Duk bokon nan naki?" Yaya ta bar dutsen guga a kan rigar har ƙauri ya tashi, Auta ce ta ɗauke shi.

Kai da ke gina shirye-shirye, da kai da ke sa hannu a karɓe su, wata mata za ta tsufa ba ta san ko ita ta kashe ɗan mutane ba. Tashi ka buɗe foldarka. Duk ginin da ka ɗora a kan na'ura, ajiye sunayensa da rubutunsa da lambar shaidarsa inda wani gini ba zai hau kansu ba. Yau za ka yi, kafin ka sha ruwa.